Kat-San-Kat ɗin Baba Ango

A Gashuwa, inda aka haife ni, fanal bita ake ce wa mai sana'ata. Da na zo Injamena shekara goma sha ɗaya da suka wuce sai na tarar sunana ya koma toliye. Ban yi musu ba, tunda gudumar ɗaya ce. Mota ta lotsa in buga ta ta miƙe, ta ruɓe in yanke in yi walda, in shafe, in fesa fenti. Sunana Haladu, garejina yana kan hanyar Tukra, kuma a nan muke haɗuwa duk ranar Lahadi bayan la'asar, mu bakwai masu ciwon tsohuwar mota.

Ciwo ne, kada wani ya ruɗe ku. Babbanmu Mustafa yana da wata tsohuwar Marsandi wadda yake gogewa da jelar rawaninsa, ga iyalinsa kuwa a bayan babur suke zuwa biki. Dokarmu ɗaya ce, kalmar Faransanci ce ma: orijin. Wato komai na mota ya koma yadda ya fito daga kamfani ranar farko, tun daga launi har zuwa kan noti. In ka ɗaure abu da waya, ko ka sa fitilar wata mota, za mu yi maka dariya har shayinka ya huce. Ni ne na fi kowa zafi a kan wannan doka, kuma a lokacin alfahari nake yi da hakan.

Rabi'u ne ƙaraminmu, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mai sayar da kayan lantarki da yake sarowa daga Kusri, garin da ke tsallaken kogi. Shi kaɗai ne a cikinmu ba shi da mota tasa, sai ta mahaifinsa, kuma ita ce muka daɗe muna haɗiyar yawu a kanta: Fijo 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda kowa ke kira kat-san-kat, wato 404 da Faransanci. Mahaifin nasa, Baba Ango, mutumin Damagaram ne, ya zo garin nan tun ana ce masa Farlami. Shekara arba'in yana jan motar nan. Yana ɗaukar buhuna a biya shi, amma in Bahaushe ya mutu a unguwa, shi ke kai gawa maƙabartar Lamaji, bai taɓa karɓar ko ruwan sha ba. Babu wanda bai ji shi yana faɗa ba: "Na kai mutane da ita, ni ma ita za ta kai ni."

Daga baya idonsa ya tafi gaba ɗaya. Motar ta zauna a tsakar gidansu a Tukra. Kullum in ya idar da sallar asuba, 'yarsa Balkisa takan kama hannunsa ta kai shi, ya shiga ya zauna a mazaunin direba har rana ta yi zafi. Sai ga ambaliyar da aka yi shekarun nan, wadda ta cinye rabin unguwar. Mako uku motar tana cikin ruwa har gilashi. Da ruwa ya janye, Rabi'u ya ɗauro ta da igiya ya kawo mini, tana ɗigar taɓo, da mataccen kifi a ƙarƙashin kujera.

Kafin in taɓa ta, tsohon ya sa aka kira ni gida. Yana zaune a kan tabarma kusa da randar ƙasa irin ta ƙauyen Gawi, ya juyo fuskarsa wajen da muryata take.

"Kai ne toliyen?"

"Ni ne, Baba."

"To, ka tashe ta. Shi ke nan. Ta tashi ta yi tafiya daga nan zuwa Lamaji. Ba nisa zan yi da ita ba."

Na ce in sha Allahu. Na fito ina murmushi a raina, ina cewa tsoho bai san wa ya kira ba. Ni da zan mayar da ita amarya, yana maganar a tashe ta.

Rabi'u ma abin da ke ransa ke nan, amma shi nasa dalilin ya fi nawa nauyi. Tsakaninsa da mahaifinsa ba a cika dariya ba. Tsohon ya so ya gaje shi a tuƙi, shi kuwa ya zaɓi kasuwa, kuma tun daga nan bai ƙara jin kalmar yabo daga bakinsa ba. Ranar da muka fara kwance motar ya ce mini, "Malam Haladu, so nake sau ɗaya tak kafin ya mutu in ji ya ce Allah ya yi mini albarka. Wannan watir ɗin, motar nan tasa, ita ce hanyata, ba ni da wata."

Muka shiga aiki. Injin ya sha ruwa ya ci tsatsa, Mustafa ya ji labarin wani irinsa a garin Marwa, can gaba da Kusri, wanda bai yi tafiya da yawa ba, aka kawo shi ta gadar Ngeli da ke haɗa mu da Kusri. Ƙofar direba ta saki, sai ka tokare ta da gwiwa ka ɗaga kafin ta rufu. Na cire ta na sa wata. Sitiyarin an naɗe shi da jar fatar akuya irin ta dukawan Damagaram, ta yi baƙi, ta lotsa a wuri biyu inda manyan yatsunsa suke zama. Na sa wuƙa na yanke ta, domin kamfani bai yi ta da fata ba. Kujerar ta rame a gefe ɗaya daidai zaman mutum guda, aka sake mata ciki da riga. Kan giyar wani ɗan icce ne da ya sassaƙa da kansa, na jefar da shi a kwandon shara ina tsaki. Duk ƙarfen da na cire na tara a bayan gareji, masu sayen tsohon ƙarfe suka zo suka kwashe.

Sai muka zo kan ramin. A ƙofar gefen fasinja yake, ƙasa da gilashi kaɗan, ɗan ƙarami, daidai shigar yatsa. Na tambayi Rabi'u. Sai ya ba ni labari. A yaƙin shekarar 2008, ranar da gari ya watse kowa ya nufi Kusri, Baba Ango ya zuba iyalinsa a motar nan suka nufi gadar Ngeli. Mahaifiyar Rabi'u, Hansatu, ita ce a gaba. Wani harsashi da ba a san na wa ba ne ya shigo ta ƙofar. Kafin su haye gada ta cika. Rabi'u yana baya a kan kaya, ta ɗan gilashin tsakiya ya ga kanta ya faɗa a kafaɗar mahaifinsa.

"Toshe shi," in ji shi. "Shekara goma sha biyar ina kawar da ido daga ramin nan. Na gaji."

Da mutum mai hankali ne ni, da na ajiye kayan aiki na ce a je a tambayi tsohon. Amma ni rami kawai na gani a jikin ƙarfe, kuma rami a wurina abin kunya ne. Minti ashirin ya ɗauke ni. Na yi walda, na goge, na shafe, har na kira Mustafa na ce ya nemo wurin da hannunsa in ya isa. Ya shafa ya shafa bai samu ba, muka tafa.

Sau ɗaya Balkisa ta zo garejin da saƙon Baba, wai yaushe. Ta tsaya tana kallon motar a tsirara, babu ƙofa babu kujera, ta ce, "Malam Haladu, shi fa da hannu yake gani." Na ce mata ta bari a gama tukuna, aikin mota ba a nuna shi rabi. Har da 'yar dariyata ta raini. Ta gyara mayafi ta tafi.

Shekara biyu muka yi. A ciki tsohon ya kwanta sau biyu ya tashi, ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ce zuciya ce. Muka ƙara sauri. Ranar da na fesa fentin ƙarshe, fari mai ɗan ruwan madara, mu bakwai muka zagaye ta muna kallo. Wallahi ta yi kyau. Har yau ban yi aikin da ya kai ta ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai.

Ranar Juma'a da hantsi muka kai ta. Rabi'u ya ja, ni a gefe, sauran suka biyo mu a jere, yara na gudu a baya suna ihu. Aka shigar da ita tsakar gida daidai inda take tsayawa a da. Rabi'u ya bar injin yana aiki ya fita ya durƙusa.

"Baba, ga ta nan ta dawo."

Tsohon ya karkatar da kai yana saurare. Ya ce, "Motar wa ce ta shigo?"

"Taka ce, Baba."

"Kashe in ji."

Aka kashe. Balkisa ta ɗaga shi, ta kai shi a hankali. Ya ɗora tafinsa a kan bodi, ya bi har ya samu mariƙin ƙofa. Ya buɗe, ya shiga, ya zauna, ya sa gwiwa ya ɗaga ƙofar kamar yadda ya saba, sai ta rufu da kanta tun kafin ya ja. Ya gyara zama, ya sake gyarawa, kujerar ba ta karɓe shi ba. Ya kama sitiyari, manyan yatsunsa suna yawo suna neman wurinsu. Ya lalubo giya ya saki da sauri. Sannan ya kwanta a kan kujerar, da kumburarrun ƙafafun nan nasa, ya miƙa hannu zuwa ɗaya ƙofar.

Ina tsaye a gefen nan, ina kallon yatsansa ta gilashi. Ya tafi kai tsaye wurin, bai yi kuskure ko da faɗin ƙwayar gero ba. Ya shafa. Ya yi sama, ya yi ƙasa, ya dawo. Ya fito da kansa, ya zagayo yana dafa mota, ya nema ta waje. Na ja da baya na ba shi wuri.

"Balkisa, mayar da ni tabarmata."

"Baba, gyara aka yi," in ji Rabi'u. "Komai sabo aka sa maka. Ita ce wallahi. Ga takardunta, ga lambarta."

"Takarda za ka nuna wa makaho?" Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi sauƙi. "Na san ruwa ya ɓata ta. Da ka zo ka ce, Baba, ta mutu, na sayar wa masu ƙarfe, da na yi kuka na haƙura. Amma ka ajiye ni shekara biyu ina jira, sannan ka sayo ta wani ka kawo mini, ka tara jama'a su ga yadda ake yi wa makaho wasa."

Mustafa ya matso ya fara bayani, rabi da Hausa rabi da Larabcin garin, yana cewa orijin, orijin. Tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "Kalas, magana ta ƙare. Ku fitar da ita daga gidana."

Muka fito da ita da turi, don babu wanda ya iya kunna ta a gabansa.

Daga ranar ya daina amsa gaisuwar Rabi'u. In ya shigo ɗaki, sai tsohon ya juya fuska bango. Limamin unguwa ya je, ya rantse masa cewa da idonsa ya ga motar a garejina. Tsohon ya ce, "Ka ga mota, Malam, ba ka ga tawa ba." Ni kuma na shiga neman abin da na zubar. Na bi masu tsohon ƙarfe har filin da suke tara kaya, na haye Kusri sau biyu. Aka ce mini kayan bara ai tuni an loda su an kai inda ake narkarwa. Ko da na samu tsohuwar ƙofar direba ma, ɗayar fa? Tana nan a jikin motar, ni na kashe mata baki da hannuna.

Na samu Rabi'u na ce, "Ina iya huda wurin. Na san daidai inda yake. In goge bakin ya yi laushi, ba zai gane ba."

Ya dube ni kamar zai mare ni. "In huda rami da na'ura in ce masa nan uwata ta mutu?"

Ban sake kawo maganar ba. Nakan zauna a gareji in kalli motar in yi lissafin abin da ya rage na asali: shasi, wato ƙashin bayanta, rufin gaba, lamba, da ƙofa ɗaya da na gyara har ta daina zama ita. Tsohon bai yi ƙarya ba. Mu ne ba mu san abin da ake kira motarsa ba.

Bayan sati biyar, da safe wajen ƙarfe goma, Balkisa ta kira ni a waya ta ce in zo, jikin ya yi tsanani, kuma Baba ya ce a kira toliyen. Na tarar da Rabi'u a zaure, ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Balkisa ta fito ta tsaya a kansa.

"Yaya, ya ce abu ɗaya yake so. Ka faɗa masa gaskiya ya yafe maka. Likita ya ce da wuya ya kai gobe."

"Na faɗa masa gaskiya, Balkisa."

"Na sani. Ba ita yake jira ba."

Muka shiga. Ɗakin yana warin magani, numfashin tsohon yana fita da ƙyar. Rabi'u ya durƙusa a gefen katifar ya kama hannunsa, wannan karon tsohon bai janye ba.

"Rabi'u ne?"

"Ni ne, Baba."

"Ina motata?"

Na dubi Rabi'u. Shekara biyu na ransa ya zuba a motar nan, kowane noti ya san daga inda ya zo. Sai ya ce:

"Na sayar da ita, Baba. Ruwa ya gama da ita, na sayar wa masu ƙarfe. Na ji tsoron faɗa maka, sai na sayo wata. Ka yafe mini."

Tsohon ya saki wani dogon numfashi, fuskarsa ta sake. Ya lalubo kan ɗansa ya ɗora hannu.

"To, da ka faɗa tun farko mana. Ƙarfe ne fa. Ƙaryar ce ta ƙona ni." Ya huta. "Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka gaskiya."

Rabi'u ya kifa goshinsa a katifa yana kuka babu sauti. Ga kalmar da ya nema tun yana saurayi ta zo, kuma ga ƙofar da ta biyo.

"Toliye yana nan?"

"Ga ni, Baba."

"Kai ka taya shi ɓoye mini."

Na buɗe baki. Balkisa ta kafe ni da ido daga bakin ƙofa, ta girgiza kai sau ɗaya.

"Ni na taya shi, Baba."

"Kai ma na yafe maka. Amma ku ji wasiyyata, ku biyu, kai ne shaida. Kada a sa ni a motar nan. Ban san wa ta ɗauka ba, ban san inda ta je ba. Ku nemi kowace iri ce, ban da ita."

"Na shaida," na ce.

Ya cika bayan azahar. Aka yi masa wanka, aka yi sallah, aka tsaya a ƙofar gida ana neman abin da zai kai shi Lamaji. Mutumin da ya kai gawar rabin iyayen waɗanda ke tsaye a wurin, sai da aka yi kusan awa ɗaya ana buga waya. Wani dattijo da bai san komai ba ya ɗaga murya ya ce, ina kat-san-kat ɗin da aka gyara, ba don wannan ranar aka gyara ta ba? Mutane suka juyo suna kallon Rabi'u.

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ba tasa ba ce."

A ƙarshe wata motar ɗaukar yashi ce ta tsaya. Muka share bayanta da tafin hannu, muka shimfiɗa tabarma, muka ɗora makara. Hanyar sai da ta bi da mu ta gaban garejina. Tana nan a ƙarƙashin rumfa, fara fes, tankinta cike da mai, makullinta a aljihuna. Ni da Rabi'u muna riƙe da makarar ta gefe biyu don kada ta zame, direban kuwa bai san tsohon ba, gudu kawai yake yi don ya koma bakin aikinsa.